Daga Karofin Zarewa Zuwa Jami'o'in Duniya: Nazarin Tarihin Duniya a Matakin Babban Digiri

Gabatarwa

Gwangwan gunduma ce a ƙaramar hukumar Rogo da ke yammacin jihar Kano, yankin da a da yake cikin ƙasar Ƙaraye. Idan aka tambayi ɗalibin sakandaren da ya tashi a wannan yanki inda tarihin duniya ya faru, mai yiwuwa ya ambaci Masar da Rum da Ingila, ba tare da ya sa garinsu a lissafi ba. Amma da zai tsaya a bakin gonar mahaifinsa da damina ya ƙirga abin da ke cikinta, da ya sha mamaki. Masara da gyaɗa da rogo da barkono da tumatir duk asalinsu nahiyar Amurka ne, kuma ba su iso Afirka ba sai bayan shekarar 1492, lokacin da jiragen ruwan Turawa suka fara ratsa tekun Atilantika. Raken da ake matsewa a yi mazarƙwaila kuwa daga tsibirin Niyu Gini da kudancin Asiya ya samo tushe. Gero da dawa su ne 'yan gida. Ke nan gona guda ta tara tarihin nahiyoyi uku.

Wannan maƙala za ta yi bayanin fannin ilimin da ke bin diddigin irin wannan cuɗanya, da kuma dalilin da ya sa masu neman digiri na biyu da na uku a cikinsa sukan yi karatu a jami'a fiye da ɗaya, a ƙasa fiye da ɗaya. Za a ɗauki sana'ar rini ta ƙasar Ƙaraye da Rogo a matsayin misali.

Mene ne Tarihin Duniya?

A makarantu an saba koyar da tarihi ƙasa-ƙasa: na Nijeriya daban, na Ingila daban. Wannan tsari yana da amfaninsa, sai dai yana barin giɓi, domin fatake da malamai da cututtuka da irin shuka ba su san iyakar ƙasa ba. Bugu da ƙari, yawancin iyakokin ƙasashen Afirka na yanzu an shata su ne a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, alhali mutane sun daɗe suna safara kafin nan.

Abin da masana ke nufi da tarihin duniya ba haddace labarin kowace ƙasa ba ne, don babu mai iya wannan. Hanyar nazari ce mai rassa biyu. Reshe na farko shi ne bin alaƙa, wato a ɗauki haja ko aƙida ko jama'a a bi sawunta duk inda ta shiga. Na biyu shi ne kwatantawa, wato a jera al'ummomi biyu ko uku a duba dalilin da ya sa abu guda ya haifar da sakamako mabambanta a cikinsu.

Wannan tunani ba baƙo ba ne ga malaman ƙasashen Musulmi. Ibn Khaldun, wanda ya rayu daga 1332 zuwa 1406, ya yi nazarin dalilan tashi da faɗuwar dauloli gaba ɗaya. Haka kuma Muhammadu Bello, a littafinsa Infaƙul Maisuri na 1812, ya kawo labarin ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma kafin ya shiga batun jihadi. A jami'o'in zamani kuwa, fannin ya kafu ne sannu a hankali. A wajajen 1960 Philip Curtin ya buɗe shirin kwatanta tarihin ƙasashe masu zafi a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka. A 1982 aka kafa ƙungiyar masana tarihin duniya a can Amurka, sannan a 1990 aka fara buga mujallarta daga Jami'ar Hawai.

Tafiyar Turkudi Guda

A ƙarni na 19, kudanci da yammacin Kano tare da arewacin Zazzau suna cikin manyan cibiyoyin saƙa da rini na Afirka. Garuruwa irin su Kura da Rogo da Zarewa da Beli da Fulatan, da maƙwabtansu Kudan da Hunƙuyi da Maƙarfi, sun yi suna a wannan sana'a. Zarewa da Beli da Fulatan duk gundumomi ne a ƙaramar hukuma ɗaya da Gwangwan. Wanda ya fi zurfafa bincike a kan wannan masana'anta shi ne Philip Shea, Ba'amurken da ya gabatar da kundin digirinsa na uku a Wiskonsin a 1975, daga baya kuma ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero ta Kano.

Aikin yana farawa ne daga gonar auduga da ta baba. Mata su gurje audugar su kaɗa zare da mazari, masaƙa su saƙa ƙyallaye sirara, a ɗinke su, sannan a kai wa marina. A cikin karofi akwai kimiyya tsantsa. Ganyen baba ba shuɗi ba ne, kuma shunin da ake samu daga gare shi ba ya narkewa a ruwa. Sai an haɗa shi da ruwan toka an bar shi ya ruɓa na wasu kwanaki, ƙananan halittun da ido ba ya gani su sauya shi zuwa siffar da ke narkewa ta shiga zare. Shi ya sa tufa kan fito daga karofi da launin kore-kore, sai iskar oksijin ta taɓa ta sannan ta rikiɗe ta zama shuɗiya, launin kuma ya kama zaren ya ƙi fita.

Binciken Shea ya nuna muhimmancin wata fasaha ta cikin gida. Marinan ƙasar Kano sun riƙa ƙona katsin da ke kwantawa a ƙarƙashin karofi, su haɗa shi da dafara da gashin dabbobi su yi laso, wani irin siminti da ruwa ba ya ratsawa. Da laso aka samu damar shafe ramuka masu zurfi maimakon dogaro da tukwane, aka riƙa rina tufafi masu yawa a lokaci guda cikin rahusa. Daga karofi sai wurin mabuga, inda ake buga tufar da garin shuni har ta yi walƙiya. Irin wannan turkudi shi ne Buzaye ke naɗa rawani da shi.

Daga nan labarin ya fita daga ƙasar Kano. Heinrich Barth, Bajamushen da ya iso Kano a watan Fabrairun 1851 a ƙarƙashin wani ayarin bincike na gwamnatin Ingila, ya ba da labarin cewa tufafin Kano suna kaiwa Gat da Murzuk da Turabulus a arewa, da Tambutu a yamma. Ya ƙiyasta cewa abin da ake fitarwa a shekara ya kai darajar wuri miliyan 300. Kuɗin wurin da aka yi wannan lissafi da shi kuwa daga tsibiran Maldif na tekun Indiya ake kwaso shi, jiragen Turawa su kai shi Turai, su sake ɗauko shi zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, fatake su hauro da shi arewa. Daga wajajen 1845 'yan kasuwar Hambag ta Jamus suka fara shigo da wani nau'in wuri mai arha daga Zanzibar, abin da ya karya darajar kuɗin ya haddasa tsadar kayayyaki. A kasuwar Kurmi kuma Barth ya tarar da yadin Mancesta da ruwan takubba daga Zolingen ta Jamus da duwatsun ado daga Benis ta Italiya.

Akwai ɓangaren labarin da ba shi da daɗin ji, amma masanin tarihi ba ya tsallake shi. Kaso mai yawa na audugar da babar da aka yi wannan arziki da su bayi ne suka noma su a rinjoji da gandaye, kuma ba a soke bauta kwata-kwata a dokar Arewacin Nijeriya ba sai a 1936.

Ƙarshen zamanin ma daga waje ya faro. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, bisa binciken masanin sinadarai Adolf von Baeyer. Wannan ya durƙusar da noman baba a Indiya cikin 'yan shekaru. A 1911 layin dogo ya iso Kano, yadin Turai ya ƙara yawaita a kasuwanni, manoma da yawa kuma suka karkata ga gyaɗa. Sana'ar rini ta yi ta jurewa har tsawon shekaru, amma a hankali karofi da dama suka zama kufai.

Inda Hujjoji Suka Warwatsu

Idan ɗalibi ya ƙudurta rubuta wannan tarihi dalla-dalla, ina zai sami hujjojinsa? Amsar wannan tambaya ita ce ke bayyana dalilin karatu a ƙasashe daban-daban.

Hujja ta farko tana gida: kufan karofi, da bakin dattawan da kakanninsu suka yi rini ko fatauci. Ta biyu tana Kaduna, a ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa, inda ake ajiye rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta a kan gundumomi lokacin yanka haraji, waɗanda sukan ƙunshi ƙidayar masu sana'o'i. Wasiƙun da gwamnoni suka aika Landan suna ma'ajiyar gwamnatin Ingila da ke unguwar Kiyu, takardun wasu tsofaffin jami'ai kuma suna ɗakin karatu na Jami'ar Oksifod. Labarin masu sayen turkudi a Agadas da Damagaram yana cikin takardun Faransanci da ke Yamai da Dakar da birnin Eks na kudancin Faransa. Abin da ya shafi ayarin Sahara yana Turabulus da Santambul, cikin Larabci da Turkancin Daular Usmaniyya. Wasu takardun Barth suna Jamus.

Hatta rubuce-rubucen malaman Kano wasunsu sun ƙetare teku. Ɗakin karatu na Jami'ar Northwestern ta Amurka yana riƙe da takardu fiye da 3,000 na Malam Umar Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962. A birnin Salbado na jihar Bahiya ta Birazil kuma, inda Hausawan da aka kai bauta suka shirya tawaye a 1807 da 1814, ma'ajiyar gwamnati tana ajiye da takardu masu rubutun Larabci da 'yan sanda suka ƙwace bayan tawayen bayi Musulmi na 1835. Mai son karanta bayanan shari'ar da aka yi musu sai ya iya harshen Fotugal.

Babu jami'a guda da ta mallaki duk waɗannan takardu, babu kuma malami guda da ya iya duk waɗannan harsuna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Magabata a Wannan Tafarki

Tarihin ƙasar Hausa kamar yadda ake koyar da shi a yau an gina shi ne ta irin wannan kai-kawo tsakanin jami'o'i. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948, reshe ce ta Jami'ar Landan har zuwa 1962. Kenneth Dike, wanda ya yi digirinsa na uku a Landan a kan ciniki da siyasa a yankin Neja Delta, shi ne ya jagoranci kafa ma'ajiyar takardun tarihi ta Nijeriya. Abdullahi Smith, haifaffen Ingila, ya koyar a Ibadan kafin ya koma Zariya a 1962 ya kafa sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello. Shi ne kuma ya jagoranci shirin binciken tarihin Arewa wanda ya tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami, sannan ya kafa Gidan Arewa a 1970.

Murray Last misali ne na ɗalibin ƙasashe uku. Ya yi digiri na farko a Kambirij ta Ingila, na biyu a Yel ta Amurka, na uku kuma a Ibadan a 1964, inda ya shiga sahun mutanen farko da wata jami'ar Nijeriya ta ba wannan digiri. Amma makarantarsa ta haƙiƙa ita ce Sakkwato, inda ya zauna yana nazarin littattafan Wazirin Sakkwato Junaidu. Mahdi Adamu ya bi hanyar ta ɗaya ɓangaren. Ya fara daga Zariya, ya tafi cibiyar nazarin Afirka ta Yamma ta Jami'ar Bamingham, ya kammala a 1974 da kundi a kan tasirin Hausawa a Afirka ta Yamma, wanda ya sa shi bin zangunan fatake har ƙasar Gana. Daga baya ya shugabanci Jami'ar Sakkwato. Adamu Mohammed Fika ya rubuta kundinsa a kan yaƙin basasar Kano da mulkin Turawa a Jami'ar Landan. Paul Lovejoy, ɗalibin Curtin a Wiskonsin, ya yi hira da fataken goro na Kano ya kammala a 1973. A Jamhuriyar Nijar, Djibo Hamani ya rubuta tarihin Adar da na Ayar, André Salifou kuma na Damagaram, dukkansu da digirorin jami'o'in Faransa.

Yusufu Bala Usman ya juya akalar tafiyar. Ya yi digirin farko a Lankasta ta Ingila, amma ya dawo Zariya ya yi na uku a 1974 a kan tarihin Katsina. Daga cikin ayyukansa akwai nazarin da ya yi wa bayanan Barth a kan Katsina, inda ya nuna cewa matafiyin ya kalli abin da ya gani ne da tunanin launin fata da ƙabila na Turan zamaninsa. Darasin shi ne, kowace hujja sai an tambayi wanda ya rubuta ta, da wanda aka rubuta dominsa, da abin da idonsa ya kasa gani.

Ƙoƙarin irin waɗannan masana ya haɗu a babban aikin tarihin Afirka da hukumar UNESCO ta ƙaddamar a 1964, wanda ya fara fitowa cikin juzu'i takwas. Mahdi Adamu da Murray Last da Dioulde Laya na Nijar duk sun rubuta babuka a cikinsa, an kuma fassara wasu sassansa zuwa Hausa.

Yadda Tsarin Karatun Yake

Bayan digiri na farko, wanda ke ɗaukar shekara huɗu a jami'o'in Nijeriya, ɗalibi kan nemi digiri na biyu na shekara ɗaya zuwa biyu. A nan yake koyon dabarun bincike ya rubuta ƙaramin kundi. Digiri na uku yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu a Ingila, biyar ko fiye a Amurka, inda ake fara da darussa da jarrabawa kafin bincike. Sharaɗinsa shi ne ɗalibi ya kawo sabon ilimi da babu wanda ya riga shi, sannan ya kare kundinsa da baki a gaban masu jarrabawa.

Ana iya haɗa jami'o'i ta hanyoyi uku. Ta farko, ɗalibi ya yi rajista a gida, kamar Bayero ko Ahmadu Bello ko Usmanu Ɗanfodiyo ko Abdou Moumouni ta Yamai, ya riƙa tafiye-tafiyen bincike na 'yan watanni. Ta biyu, ya yi digiri na biyu a wata ƙasa, na uku a wata. Ta uku ita ce shirin haɗin gwiwa, inda jami'o'i ke tsara manhaja guda tare. A 2004 Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin Erasmus Mundus, wanda a ƙarƙashinsa ɗalibi ke yin digiri na biyu a aƙalla ƙasashe biyu. A 2005 jami'o'in Laifzig ta Jamus da Biyana ta Ostiriya da Burotswaf ta Polan da makarantar nazarin tattalin arziki ta Landan suka fara irin wannan shiri a kan nazarin cuɗanyar duniya. Ita wannan makaranta ta Landan ta kuma ƙulla shirin tarihin duniya da Jami'ar Kolambiya, shekarar farko a Niyu Yok, ta biyu a Landan. A tsarin Faransa akwai hanyar da malamai biyu daga ƙasashe biyu ke duba kundi guda.

Amfanin wannan kai-kawo bai tsaya ga takardu kaɗai ba, domin kowace jami'a tana da irin tambayoyin da ta fi damuwa da su. Masanan Ibadan na farko sun mai da hankali ga dauloli da shugabanni, don rusa da'awar cewa Afirka ba ta da tarihi. Na Zariya sun tuhumi bayyana komai da sunan ƙabila, suka nemi fahimtar yadda birane da sarautu suka ginu. A Faransa, mabiya Fernand Braudel, wanda ya wallafa nazarinsa a kan tekun Bahar Rum a 1949, sun fifita yanayin ƙasa da sauye-sauyen da ke ɗaukar ɗaruruwan shekaru. A Wiskonsin an ba da ƙarfi ga ciniki da alƙaluma. Ɗalibin da ya zauna a biyu daga cikinsu yakan gane cewa abin da aka ɗauka tabbas a wani wuri, a wani wurin abin muhawara ne.

Gudummawar Kimiyya

Masanin tarihi na yau ba ya rabuwa da ɗakin gwaje-gwaje. Duk abu mai rai yana ɗauke da sinadarin kabon 14, wanda bayan mutuwa rabinsa ke zagwanyewa a cikin kowace shekara 5,730. Ta auna abin da ya rage ake gane shekarun gawayi ko ƙashi ko itace. Da wannan hanya aka gano cewa an yi narkar da tama a dutsen Dala tun ƙarni na 7. Haka kuma kwalekwalen Dufuna, wanda aka gano a 1987 a yankin da yanzu yake jihar Yobe, masanan jami'o'in Maiduguri da Farankfot ne suka haƙo shi tare, gwajin da aka yi a Jamus kuma ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Kayayyakin da aka tono daga kaburburan Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina a 1992 an yi nazarinsu a birnin Mainz na Jamus, aka tarar da wuri da kwanon tagulla da suka fito daga ƙasashe masu nisa, shaidar cewa cinikin nesa ya daɗe a ƙasar Hausa.

Takarda ma tana da nata bayanin. Idan aka ɗaga shafin tsohon littafin hannu na Kano ko Sakkwato zuwa haske, sau da yawa akan ga tambarin jinjirin wata guda uku a jikin takardar. Wannan alama ce ta masana'antun arewacin Italiya, waɗanda takardunsu ke bi ta Masar da Turabulus su ratso Sahara. Tambarin yakan taimaka wajen ƙiyasta lokacin da aka kwafi littafi.

Matsaloli

Matsala ta farko ita ce kuɗi. Akwai tallafin karatu na ƙungiyar Kwamanwel, da na hukumar DAAD ta Jamus, da na Erasmus Mundus, da wanda asusun TETFund ke ba malaman manyan makarantun Nijeriya, amma masu nema sun fi guraben yawa nesa ba kusa ba. Ta biyu ita ce takardar izinin shiga ƙasa, wadda ɗalibin Turai kan samu cikin sauƙi idan zai zo Afirka, shi kuwa na Afirka ya sha wahala kafin ya je ganin takardun da suka shafi kakanninsa. Ta uku ita ce mafi yawan kundayen ana rubuta su ne da Ingilishi ko Faransanci, su ƙare a kan kantar ɗakin karatu, mutanen da aka yi hira da su ba su taɓa jin sakamakon ba. Ta huɗu kuwa, wasu daga cikin waɗanda suka tafi ba sa dawowa.

Na'urar kwamfuta ta rage wani ɓangare na wahalar. Tun 2004 babban ɗakin karatu na Ingila yake gudanar da shirin ɗaukar hoton takardun da ke fuskantar lalacewa, kuma wasu takardun arewacin Nijeriya suna cikin waɗanda aka sa a intanet. Sai dai babu na'urar da za ta ɗauki abin da ke cikin kan dattijon da ba a yi hira da shi ba. Kowace shekara masu wannan sani suna raguwa, gara tana cin takardu, kufan karofi kuma ana cike su ana gini a kai.

Shiri Tun Daga Sakandare

An cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare ta Nijeriya a wajajen 2009, sai a 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da maido da shi. Wannan ya ɗora wa malamai nauyin cike giɓin shekaru. Ɗalibin da ke sha'awar wannan fanni yana bukatar ya ƙware a Ingilishi, ya riƙe Larabci da ajamin da ya koya a makarantar allo ko Islamiyya da muhimmanci, ya kuma ɗauki Faransanci idan makarantarsu tana koyarwa. Kada ya raina lissafi da labarin ƙasa da kimiyyar sinadarai, domin an ga inda suke shiga.

Malamai kuwa suna iya fara horon ba tare da kashe kuɗi ba. Ana iya raba ɗalibai rukuni-rukuni, kowane rukuni ya ɗauki sana'a guda ko unguwa guda, ya yi hira da dattawa bayan neman izininsu, ya rubuta sunan wanda ya ba da bayani da rana da wuri. A tambayi asalin sunayen unguwanni, da inda tsofaffin karofi da maƙera da zanguna suke, da hanyar da fatake ke bi. Sannan a kwatanta bayanin mutum biyu a kan abu guda a nemi dalilin saɓani. Wannan shi ne ainihin aikin da mai digiri na uku ke yi, bambancin kawai faɗi da zurfi ne.

Kammalawa

An ga yadda turkudi guda ya haɗa gonar baba ta ƙasar Rogo da Agadas da tsibiran Maldif da masana'antar sinadarai ta Jamus, da yadda hujjojin labarinsa suka warwatsu a nahiyoyi huɗu. Saboda haka ne masu nazarin tarihin duniya suke ratsa jami'o'in ƙasashe daban-daban, kuma gaskiyar Hausawa ce da suka ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma Shea da Last da Lovejoy sai da suka shafe shekaru suna koyon Hausa kafin su iya zama gaban dattijo su fahimci maganarsa. Ɗalibin Gwangwan ko Zarewa ko Ƙaraye da wannan jari aka haife shi. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi sauran harsunan da dabarun bincike, ya kuma fara tambayar dattawan garinsu tun suna raye.